Yadda ake shirya musayar abincin gida a unguwa, kamar yadda muke yi a zangon Kumasi

A gidajen haya na Aboabo da Sawaba da Asawase, da wuya ki shiga ɗakin da ba a iya wani abu ba. Wannan tana daka yaji, waccan tana matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli, ta ƙarshen gida tana da ayoyo, wato lalo, a buhuna jikin katanga, wani dattijo kuma ya dasa agade da rogo a filin da mai shi bai kai ga ginawa ba. Kowa yana da rarar abu ɗaya, amma sai ya ɗauki kuɗi ya tafi kasuwa ya sayo abin da yake yanƙwanewa a ɗakin maƙwabcinsa. Abin da muke yi shi ne mu tara wannan rarar wuri ɗaya a rana ɗaya, kowa ya ba da nasa ya karɓi na wani.

Ciyayya da aika kwano gidan maƙwabta mun gada, kuma ba a yi musu lissafi. Musaya dabam take: ciniki ce da ba kuɗi a ciki, saboda haka tana buƙatar awo. Ƙungiyoyin da na ga sun watse, kunyar yin awo ce ta watsa su. A yi ta kawaici, wata na ganin an ƙware ta tana shiru, har ranar da za ta daina zuwa. Ki riƙe wannan tun daga farko, sauran aikin mai sauƙi ne. Da ke 'yar'uwa nake magana saboda mata ne suka fi yawa a harkar, amma maza masu lambu da masu kiwon kaji suna cikinmu.

Kayan da za ki tanada

Tabarma biyu ko tebur mai faɗi, da inuwa. Gwangwanin awo: olonka ɗaya, wato babban gwangwanin da ake awon hatsi da shi a kasuwa, da gwangwanin majarin ɗaya, waɗanda za su zama na ƙungiya, a yi musu alama da fenti. Gwangwanayen kasuwa ba ɗaya suke ba, wasu an buga gindinsu ya shige ciki, don haka kada kowa ya zo da nasa. In da sikeli ƙarami na kicin, madalla, yana raba gardama a kan daddawa da ƙuli-ƙuli.

Sai kwalabe masu murfi irin na mayonis, da robobi masu tsafta, da salatif na takarda da maka don rubuta suna. Bokitin Veronica, wato bokiti mai famfo na wanke hannu, da sabulu a bakin ƙofa. In babu, buta da kwano sun wadatar muddin ruwan yana zuba ne a hannu, ba kowa ya tsoma a kwano ɗaya ba. Sai kula, wato akwatin riƙe sanyi, da ƙanƙara idan akwai mai kawo fura ko burkina (abin sha na gero da nono) ko wagashi (cuku). Littafin rubutu da biro. Marafan kwalaben lemo kamar 100, a wanke su, za ki ga amfaninsu a gaba.

1. Zaɓi mutane

Fara da gida 6 zuwa 10 waɗanda za su iya takowa da ƙafa. Abin dubawa shi ne bambancin abin da suke yi. Idan ku bakwai ne kuma biyar masu zoɓo ne, kowa zai koma da zoɓonsa. Ki nemi mai ganye, mai kayan yaji, mai ƙwai, mai abin tuya, mai kayan gona masu nauyi irin su doya da rogo da agade.

Kada ki tsaya a kan Hausawa kaɗai. Maƙwabtanmu Asante suna da kontomire (ganyen gwaza) da agade da paya (avokado) da manja daga ƙauyukansu, kuma suna son daddawarmu da yajinmu. 'Yan'uwanmu Dagomba da Frafra da Moshi ana aiko musu kalwa da man kaɗanya da kuka daga Tamale da Bolgatanga da Bawku. Da irin wannan haɗin ne tabarma take cika.

Kafin ki tara kowa, ki gai da magajiyar unguwa ki gaya mata, ki kuma nemi izinin mai gidan da za a zauna a tsakar gidansa.

2. Zaman farko, ba kaya

A zauna a yi magana kawai. A tsai da rana, da wuri, da abin da aka yarda a kawo. Mu sau biyu a wata muke yi, tsakiyar mako bayan la'asar. A Kumasi Asabar ta jana'izar maƙwabta ce, Lahadi kuma ga coci ga bukukuwan aure da suna na zango, Juma'a ba sai an faɗa ba.

A faɗi maganar halal a fili tun ranar, cikin mutunci, tunda akwai waɗanda ba Musulmi ba: ba naman alade, ba giya a cikin haɗi, nama kuma sai yankan Musulmi. Ni shawarata a bar ɗanyen nama da ɗanyen kifi gaba ɗaya, zafin garin nan ba ya raga musu. A kuma yarda cewa abin da mutum ya shuka ko ya sarrafa da hannunsa ake kawowa, ko abin da aka aiko masa daga gonar gida. Wanda ya sari tumatir a babbar kasuwar Kejetiya da safe ya kawo da yamma, kasuwanci yake nema, kuma kasuwa tana nan.

A naɗa mutum biyu: mai littafi da mai duba kaya. Mai duba kaya ta zama babba wadda ake jin nauyinta, wadda za ta iya cewa “Hajiya, wannan gyaɗar a mai da ita gida” ba tare da an ƙullace ta ba.

3. Tsai da awo

Nan ne zuciyar aikin. Muna amfani da abin da muke kira kaso. Kaso ɗaya ƙima ce da kowa ya sani, kuma kowa yana ƙulla kayansa kaso-kaso tun daga gida.

Kada ki ɗaure kaso da adadin sidi, wato kuɗin Gana. Wanda ya ga ƙarshen 2022, lokacin da hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 50 cikin 100 a watan Disamba, ya san farashin wata ɗaya ba ya kai wa wata na gaba. Mun ɗaure namu da ƙwai: kaso ɗaya shi ne kuɗin ƙwai 5 a wannan makon. Kowa ya san kuɗin ƙwai, har yaron da ake aika. Misali, a ce ƙwai ɗaya sidi 2 ne, to kaso sidi 10 ke nan, sai kowa ya tambayi kansa: ayoyo nawa ake samu a kasuwar Aboabo da sidi 10 yau? Wannan shi ne kason ayoyo. Idan ƙwai ya tashi, kaso ya bi shi.

Kayan lambu ba su da wuya, farashin kasuwa ya isa. Inda ake samun saɓani shi ne abin da aka sarrafa, don masu karɓa suna ganin ƙanƙantar kwalba suna manta abin da ta ci. Shito, wato baƙin soyayyen yajin nan na kwalba, ya ci mai da albasa da busasshen kifi da jatan lande da citta, ya ci gawayi, ya ci tsayuwar sa'o'i ana juyawa. Daddawa ta fi haka: a dafa kalwa wuni guda, a surfe a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu zuwa uku ta ruɓa, sannan a daka a cura a shanya. Saboda haka mai sarrafawa ta lissafa kuɗin kayan haɗi, da kuɗin niƙa, da makamashi, ta ƙara ladan hannunta, ta faɗa a gaban kowa sau ɗaya. In an amince, mai littafi ta rubuta: ƙaramar kwalbar shito kaso 3, curin daddawa kaza kaso 1, gwangwanin majarin na yaji kaso 2. Ba a sake wannan magana sai farashin kayan haɗi ya canja sosai.

Kuskuren sababbi kala biyu ne. Wata za ta cika ƙulli ya wuce kaso don a yaba mata, sai ta sa sauran su ji nasu ya yi kaɗan, kuma ba za ta iya ɗorewa a haka ba. Wata kuma za ta sa farashin manyan shagunan Adum na tsakiyar gari a kan abin da ta dafa a murhu. Mai duba kaya ta gyara duka biyun. Mai son yin kyauta ta yi bayan an tashi, kyauta ba ta shiga littafi.

4. Hannu da hannu

Musayar abinci da abinci tana da hukunci a addini, kuma ya kamata a san shi kafin a fara. A hadisin Ubada ɗan Samit da Muslim ya ruwaito, an ambaci zinariya da azurfa da alkama da sha'ir da dabino da gishiri: idan jinsi ɗaya ne a yi daidai wa daida, hannu da hannu, idan jinsi ya bambanta a yi yadda aka so, amma dai hannu da hannu. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu muke bi, abinci da abinci ba a musayarsu da jinkiri.

A aikace wannan yana nufin abu biyu. Ba bashi: babu “ba ni yaji yau, in kawo miki kuɓewa mako mai zuwa.” Wadda kayanta ba su nuna ba ta saya da kuɗi, ko a ba ta kyauta, ko ta jira. Sannan masara da masara, ko gero da gero, ba a yin olonka biyu na mara kyau da olonka ɗaya na mai kyau. Naman layya kuma ba ya shiga musaya sam, tunda ba a sayar da shi. A raba shi yadda aka saba. Ku kwatanta wa malamin unguwa tsarin da kuka zaɓa ya duba muku. Na lura ko waɗanda ba Musulmi ba suna son dokar hana bashi, don ita ce take hana a riƙa bin juna ƙofa-ƙofa.

5. Sanarwa

Kwana biyu kafin ranar, kowa ya faɗi abin da zai kawo da yawan kasonsa a zauren WhatsApp. Saƙon murya ya fi, da Hausa da Tuwi, saboda iyayenmu da ba sa karatun boko. Wadda ba ta da babbar waya, a aika yaro ya ji daga bakinta. Da wannan ne mai finkaso za ta san guda nawa za ta soya, kuma in an ga ganye ya yi yawa sai wata ta bar nata a buhu zuwa zama na gaba.

6. Shirya kaya da tsafta

Abincin nan cikin 'ya'yan maƙwabciyarki zai shiga. A 2014 kwalara ta kama mutane sama da 20,000 a ƙasar nan, akasari a Akra, kuma ta ruwa da abinci take yaɗuwa. Don haka a wannan mataki ba sassauci.

Ganye: ki yanka ranar da za a kai, ki naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle mai tsafta a inuwa. Kada a karɓi ganyen da ake ba ruwan kwata ko na rafin da ke ɗauke da dattin gari. Wanda ya yi feshin maganin ƙwari ya karanta kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalbar, ya cika su kafin ya cire. Mai karɓa kuma ta wanke da ruwa mai kyau sau da yawa, musamman abin da za a ci ɗanye kamar latas da kabeji.

Gyaɗa da masara: a baza a faifai a tsince duk wadda ta yi baƙi, ko ta motse, ko ta yi fumfuna. Fumfunar nan tana barin guba da ake kira afulatoksin, tana lalata hanta, kuma suya ko dahuwa ba sa kashe ta. Damina a Kumasi tana da laima, gyaɗar da aka ajiye a ƙasa jikin bango takan kama. Duk mai kawo tunkuza, ko ƙuli-ƙuli, ko dakuwa, ko garin koko, mai duba kaya tana da ikon ganin irin ƙwayar da ta yi aiki da ita.

Shito da duk abin da ake zubawa a kwalba: a tafasa kwalba da murfinta minti 10, a kife su bushe sarai. A soya shito har ruwansa ya ƙone, ya yi duhu, mai ya taso sama ya rufe shi. In an bar ruwa a ciki, kwana kaɗan zai yi tsami ko gashi. A gaya wa mai karɓa ta riƙa ɗiba da busasshen cokali.

Manja: a san inda ya fito. A 2015 hukumar abinci da magunguna ta Gana, FDA, ta yi gargaɗi kan manjan da ake zuba wa wani rini mai suna Sudan don ya ƙara ja. Wanda aka matso a ƙauyen da kuka sani shi ne ribar wannan zama.

Abin sha da abin madara: zoɓo, lamurje, zomkom (abin sha na garin gero), fura, burkina. A yi su da ruwan da aka tafasa ko piya wata, a sa a kula da ƙanƙara tun daga gida. In wuta ta ɗauke da daddare firji ya huce, kada a kawo, a sanar kawai. Idan ba kula, a kawo busasshen zoɓo da kayan ƙamshinsa a ƙulle, ko curin fura ba dami, kowa ya haɗa a gidansa. Kuma kada a taɓa zuba abin ci a galan ko kwalbar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi, ko an wanke ta.

Dafaffen abinci irin su wake da shinkafa, tubani, ƙosai da masa: a sauke dab da lokaci, a zo da shi da zafi a rufe, kada ya wuce sa'a 2 a waje. Ganyen agade ko kwano mai murfi ya fi baƙar leda ga abu mai zafi.

A kowace kwalba ko ƙulli a manna salatif: sunan abu, ranar da aka yi, sunan mai shi. In da gyaɗa ko jatan lande ko sukari a ciki a rubuta, akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓa, akwai masu ciwon sukari. Mai zawo ko amai ko ƙurji a hannu ba ta girka wa musaya a wannan makon.

7. Ranar musaya

Kowa ya wanke hannu a ƙofa. Mai duba kaya ta duba, mai littafi ta rubuta yawan kason da kowa ya kawo. Sai a jera: ganye gefe, busassun kaya gefe, kula a inuwa. A ba da minti 15 kowa ya zagaya ya gani, ya ɗanɗana inda aka ajiye na ɗanɗano, ba a ɗauka tukuna.

Idan ba ku kai 8 ba, ku yi kai tsaye: “Yaya, kaso biyu na gauta da kaso biyu na yajinki?” In ta yarda a miƙa wa juna nan take. Matsalar wannan hanya ita ce wani lokaci mai yaji ba ta son gauta, ƙwai take so, mai ƙwai kuma gauta yake nema. Sai ku ukun ku tsaya wuri ɗaya ku miƙa a zagaye.

Idan kun fi haka, ga amfanin marafan lemo. Kowa ya karɓi marfi ɗaya a kan kowane kaso da ya kawo. Sai a bi layi, kowa ya ɗauki abu ɗaya ya ajiye marafansa, a zagayo har marafai su ƙare. Dattawa su fara a zagayen farko, daga nan a riƙa juya mai farawa kowane zama, in ba haka ba mutum ɗaya ne kullum zai riƙa tafiya da zuma da ƙwai. Abin da kowa yake rububi a sa masa iyaka, kwalba ɗaya ga gida ɗaya. Kafin a tashi duk marafai su dawo hannun mai littafi. Ba a tafiya da marfi gida a ce sai zama na gaba, wannan bashi ne ta bayan gida.

A mai da kwalabe da kwanuka a wanke a zama na gaba. Kuɗin sabulu da ƙanƙara a yi karo-karo kaɗan ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ko a hannu, a rubuta.

8. Abin da ya rage, da ƙorafi

Abin da ba a ɗauka ba na mai shi ne. In ta so ta koma da shi, in ta so ta yi sadaka ga makarantar allo ko wata tsohuwa da ba ta iya fitowa. Idan kayan mutum sun yi ta kwantai, mai duba kaya ta same ta a keɓe ta gaya mata dalili: gishiri ya yi yawa, ko ƙullin ya yi kaɗan, ko dai masu yin irinsa sun yi yawa.

Wanda ya ga abu ya lalace da wuri, ko cikinsa ya ɓaci, ya gaya wa mai duba kaya, ba a zauren WhatsApp ba. Ita za ta bincika ko wasu ma sun ji haka, ta ce a zubar da sauran, wanda abin ya tsananta ya tafi asibiti.

Idan wata ta ga kayanta sun karɓu tana son fara sayarwa, wannan mataki ne dabam. Mai sayar da abinci tana buƙatar takardar gwajin lafiya daga ofishin duba-gari na asambili (ƙaramar hukuma), waɗanda muke kira tankas, abin da aka ƙulla a kwalba da lakabi don shago kuma sai an yi masa rajista da FDA.

Idan ba ki da abin kawowa

Iyayenmu da suka ga shirin ciyar da kai na zamanin Acheampong a 1972 suna ba da labarin yadda kowane bayan gida ya zama lambu. Filin ya ragu yanzu, amma buhun shinkafa ya isa. Ki huda gindinsa, ki cika da baƙar ƙasa da ruɓaɓɓen kashin kaji, ki ajiye inda rana take samu. Alayyafo yana kai yanka cikin mako 4 zuwa 5, ayoyo kamar mako 6, kuma in kin yanka sama kin bar gindi zai sake tofowa. Irin ayoyo yana da taurin fitowa: ƙulla shi a ƙyalle ki tsoma a ruwan zafi 'yan daƙiƙu, ki shanya, sannan ki shuka. Ki kare buhunan daga awaki da kaji da tsohon gidan sauro. Wadda ba ta da ko wurin buhu ta koyi abu ɗaya na hannu, dakan yaji ko garin kunu, ta riƙe shi da kyau.

Ki kuma bi lokutan shekara. Daga Afrilu zuwa Yuli, da kuma Satumba zuwa Nuwamba, ganye yana yawa har ya rasa mai ɗauka, a lokacin busassun kaya ne suke daraja. Da hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, iska ta bushe, shi ne lokacin yanka kuɓewa da barkono a shanya a kan faifai sama da ƙasa, a rufe da raga saboda ƙura, a adana don damina. Da azumi muna matso da zama gaba kaɗan, a gama kafin a shiga aikin buɗa-baki, kuma muna taƙaita shi ga garin koko, da niƙaƙƙen wake na ƙosai, da kayan zoɓo da ganyen miya. Idan gidaje suka haura 15, tsakar gida ba za ta ɗauke ku ba kuma mai duba kaya ɗaya ba za ta iya ba. Ku raba biyu bisa kusancin gidaje, kowace ƙungiya da gwangwaninta da littafinta, ku riƙa haɗuwa gaba ɗaya sau ɗaya a wata uku don musayar iri da dashe.